Ƙullin da Baba ya bari a ƙafar jikarsa

Kacau. Kacau-kacau.

Wannan 'yar ƙarar ce ta ratsa tsakar gidanmu ranar da aka kai Baba makwancinsa, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami. Mata sun cika gidan, kowacce ta lulluɓe, ba ka jin komai sai jan carbi da "ya haƙuri" ƙasa-ƙasa. Sai ga 'yata ta fito daga ɗaki, tana bi ta tsakanin tabarmi tana leƙen fuskoki, murafan kwalba biyu da ke ɗaure a ƙafarta ta hagu suna bugun juna.

Wata tsohuwa da ta zo daga Madobi ta yi dariya, ta tuna inda take, ta toshe baki da mayafi. Maƙwabciyarmu ta juya fuskarta bango, kafaɗunta suna rawa. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ɗago.

"Har yanzu kayan akuyar nan na ƙafar yarinya? Mai ɗaurin ya tafi. A cire mata ta huta."

Daidai lokacin Baffa ya yi sallama ya shigo yi wa mata gaisuwa. Ƙanin Baba ne, shi ke jan salla a masallacin unguwarmu. Ya dubi ƙafar yarinyar, ya daɗe yana duba.

"A bar shi tukuna," ya ce.

Gwaggo ta saki baki. Ta san, kamar yadda kowa ya sani, Baffa ne ya fi kowa yaƙi da wannan abin.

Ba zan ambaci sunan Baba ba, surukina ne, mahaifin maigidana. Ita ma yarinyar ba zan ambaci nata ba, 'yar fari ce, kuma sunan marigayiya matarsa ta ci. Wanda ya san gidanmu ya san su. Wanda bai sani ba, ina so ya san cewa an yi wani tsoho a wannan ƙauyen na ƙasar Kura, mai ɗaurin da ba ya kwancewa.

Baduku ne, gado ya yi. Kube da takalmi da gugan fata, har gidan laya, duk ya ɗinka. Da aikin ruwa ya zo Kadawa aka gina wa manyan ma'aikata gidan hutawa, aka shimfiɗa musu filin da suke buga ƙwallon tanis da yamma. An fara kiran Baba ne don ya naɗe musu mariƙin raket da fata. Raket shi ne abin bugun, katako ne mai faɗin fuska, an saƙa masa tsarkiya tsaye da kwance. Mutanen garinmu rariyar Turawa suke ce masa. Gwaggo takan ce rariyar da ba ta tankaɗe ko garin kunu.

A can ya haɗu da wani tsohon kuku da ya yi aiki a Jos, shi ya nuna masa saƙar. Baba da bakinsa yake ba da labarin raket ɗinsa na farko, yana dariya har da tari. Ya saƙa tsaf, ya ƙulle da irin ƙullin dukawa, ya miƙa yana jin kansa. Bugu kaɗan aka yi, fuskar ta saki gaba ɗaya, ƙwallo ta maƙale a ciki kamar kifi a koma.

"Kuku ya zaunar da ni kamar ɗan koyo," in ji shi. "Ya ce Malam, fata tana cizon fata, ita wannan robar ba ta cizon kowa. Sai ka nuna mata inda za ta kwana."

A zaure yake aikinsa. Ba shi da inji. Yakan dafe raket tsakanin gwiwoyinsa, ya naɗe tsarkiya a ɗan guntun icce ya ja, in ta kai yadda yake so ya soka basilla a hudar katakon ta riƙe masa. Sai ya kaɗa tsarkiyar da farce, ya karkatar da kai yana saurare. Ta yi ƙasa, ya ƙara ja. Ta yi sama, ya sassauta. Ni nakan ga duk wannan ne in na kai masa abinci na durƙusa a gefe, don tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. In yana da magana da ni, jikarsa yake gaya wa, tun tana goye.

"Uwargida, ki gaya wa mutanen ɗakinku miyar jiya ta sha gishiri."

Ko kuma, ranar da ya ga idona ya yi ja don an aiko mini mahaifiyata ba ta da lafiya: "Uwargida, ki ce musu gobe akwai motar Kano, na yi wa direba magana."

Ta wannan hanyar na ji yadda ake rufe saƙa. In ya zo ƙarshe yakan yi shiru, ko sallama aka yi sai ya gama yake amsawa. Ba a katako yake ɗaure bakin tsarkiyar ba. Yakan cusa shi ta hudar da wata tsarkiyar ta riga ta bi, ya zagaye waccan ɗin da shi, ya sake zagayewa, sannan ya riƙa jan ƙullin a hankali yana lallaɓa shi har ya kwanta a jikin katako. Basilla tana nan a soke, ba ya zare ta sai ƙulli ya zauna.

"Kin gani, Uwargida? Duk wahalar da na sha tun safe, a nan take rataye. In na fizga, na yanke wadda na jingina da ita. In na yi sako-sako, gobe su dawo mini da shi suna ɓata rai."

Ita kuma tana zaune tana tsotsar yatsa, tana kallon gemunsa.

Ruwan da ya kawo masa wannan sana'ar shi ya kawo mana tsoro. Kanal ta bi ta bayan gidajenmu, babbar hanyar ruwa ta siminti, gefenta a gangare. Da farko murna muka yi. Bayan shekarun farin da aka sha, ga alkama kore shar da rani, ga tumatir, ga wanki ba sai an ja guga ba. Amma mu mutanen rijiya ne. Ban san ko mutum ɗaya a unguwarmu da ya iya iyo ba. Kuma simintin nan da ya sha ruwa sai gansakuka ta lulluɓe shi, ya koma kamar sabulu. Sama-sama ruwan a kwance yake, ƙarƙashi kuwa gudu yake yi.

Ɗan maƙwabciyarmu shi ya fara. Da hantsi ne, uwarsa tana shanya, ta juya ta ga ba ya nan. A ƙofar ruwa ta ƙasa aka tsamo shi, wajen ƙarafan da ke tare yayi. Na ga lokacin da aka shigo da shi a naɗe cikin rigar wani manomi, ƙafafunsa a waje, fari fat. Babu wanda ya ji kukansa. Abin da ya tsaya mini ke nan. Gida cike da mutane, rana tsaka, babu wanda ya ji komai.

A lokacin 'yata ta fara tafiya, kuma irin yaran nan ce marasa motsi. Yanzu tana gindin murhu, ka ɗaga kai ta ɓace. Na daina cin abinci sosai. In ina salla hankalina na bayan danga, in idar in rasa raka'a nawa na yi, in sake. Ƙarar ruwan da a da nake jin daɗinta ta koma mini kamar wani ne a bayan gida yake jira. Kuma ba ni da bakin faɗa. Uwa ba ta nuna damuwa a kan ɗan fari a gaban manya. Ko kiran sunanta ba zan iya ba, sai dai "ke, ina kike."

Baba bai tambaye ni komai ba. Wata rana ya dawo daga Kadawa ya ce a miƙo masa Uwargida. Ya fito da murafan kwalba biyu da ya daddaƙe suka baje, ya goge bakinsu, ya huda. Ya zaɓi tsarkiyar roba, ya ce wadda ake yi da hanjin dabba ruwa yana lalata ta. Ya zura ta cikin 'yar lallausar fata don kada ta ci naman ƙafa, ya zagaya sau biyu, ya sa yatsansa manuni tsakanin fatar da ƙafarta, sannan ya ɗaure bakin a jikin zagayen farko, irin yadda yake rufe raket. Bai zare yatsan ba sai da ƙulli ya zauna.

"To, amarya ta samu munduwa. Sauran lefe sai an sayar da alkama."

Ta taka, abin ya ce kacau. Ta tsaya ta dubi ƙafarta, ta sake takawa. Ranar na ci tuwo na ƙoshi.

Gwaggo ce ta fara. "Murfin giya ka rataya wa jikarka?"

"Lemo ne. Ni na sha, kuku ya shaida."

Na Baffa ya fi nauyi, don shi ba tsokana yake yi ba. Ya same shi a zaure bayan la'asar, ina jiyo su ta bango.

"Yaya, ƙararrawa ba abin so ba ce a gidan Musulmi. Kuma mutane za su ce ka fi dogara da murfin kwalba a kan tsarin Allah."

"Malam, na ji karatunka. Tsari na Allah ne, ban musa ba. Shi ya ba ni kunne kuma."

"Ka cire, a yi mata rubutu ta sha."

"A yi mata, ni zan wanke allon. Amma ka samo mini abin da zai gaya mini inda take in ina zaune a nan, sai in cire."

Baffa ya tashi ya sa takalmi. Tun tasowarsu a akushi ɗaya suke cin tuwon dare, daga ranar sai da aka riƙa raba musu. Ni kaina na shiga tsaka mai wuya, don na yi karatun addini gwargwado, kuma Baffa ba mutum ne mai magana a banza ba. Na yi ta istigfari. Amma ban taɓa fatar a cire ba, gaskiya ke nan.

Duk Juma'a kafin ya tafi masallaci yakan kira ta ya gwada. In yatsansa ya shiga ya fita, shi ke nan. In ya fara matsewa, ya yanke ya ɗaura sabo. Ita ta ɗauka wasa ne.

"Tsoho, me ya sa kake sa yatsa?"

"Wurin kamawa ne. In kika gudu gidan wani saurayi, ta nan zan jawo ki."

"Ni ba na son ka, ba ka da haƙori."

"Ke ma naki na aro ne, za su zube."

Akwai wata tsohuwar ƙwallon tanis da gashinta ya suɗe, aka ba shi a gidan hutawa, ya kawo mata. Da ita take kwana. Ranar da abin ya faru ina daka ne, ni da yarinyar maƙwabta muna luguden gero, ƙarar turmi ta cika gidan. Ashe ƙwallon ta gangara ta fita ta kafar da awaki suka yi a dangar baya, ita kuma ta bi ta.

Na tsaya in juya tsaba. Sai na ji shiru.

Ban san yadda zan kwatanta wannan shirun ba. Kaji suna nan suna tono, rediyon wani gida yana magana, amma abin da kunnena ya saba riƙewa babu shi. Ƙarƙashin komai sai ƙarar ruwa. Na yar da taɓarya. Na leƙa ɗaki, na leƙa bayan rumbu, na leƙa zaure. A zaure raket na yashe a ƙasa, basilla ta fita, tsarkiya ta warware a tabarma. Baba bai taɓa barin saƙa a haka ba. 

Daga baya ya ce yana cikin ja ya ji kacau-kacau ɗin tana raguwa, kuma ba ta nufo zaure ba, bayan gida ta nufa. Duk da luguden ya ji.

Ban san lokacin da na keta danga ba, babu mayafi, babu takalmi. Na hango shi a bakin kanal, kwance rub da ciki a kan siminti, hularsa ta faɗi, hannunsa ɗaya ya miƙa ƙasa. Ita kuma tana kan gangaren, kanta a ƙasa, hannayenta har kafaɗa cikin ruwa, ruwan yana jan rigarta gefe. Ƙwallon ta yi nisa tana lilo. Babu abin da ke tsakaninta da tafiya sai yatsansa guda da ya saƙala a cikin ɗaurin ƙafarta. Shi ma jikinsa zamewa yake kaɗan-kaɗan.

Na ƙwalla mata kira da sunanta. Sunan matarsa, a gabansa, da iyakar muryata.

"Kama ƙafata," ya ce. Muryarsa ba ta ko rawa. "Kada ki ja. Ki zauna a kanta kawai."

Na zauna a kan ƙafar surukina, na rungume ta. Idona na kan ƙullin nan. Ɗan ƙaramin abu ne, bai kai ƙwayar masara ba, ina ganin tsarkiyar ta miƙe, fatar ta tattare gefe, robar ta nutse cikin yatsansa, jini yana bin ƙafar yarinyar. Na yi ta kiran sunan Allah. Har masu tsinkar tumatir suka ji ihuna suka rugo, ɗaya ya kwance rawaninsa suka riƙe shi ya sauka ya cicciɓo ta.

Ta yi aman ruwa, ta tsala kuka. Abin da ta fara tambaya ƙwallonta ne.

Da muka dawo gida na kasa haɗa ido da shi, ga sunan da na kira, ga kaina a buɗe, ga ƙafarsa da na zauna a kai. Da yamma na kai masa abinci na durƙusa, yatsan a naɗe da tsumma. Ya dubi jikarsa.

"Uwargida, ki gaya wa mutanen ɗakinku ruwan nan ƙara gare shi. Ni ban ji komai ba a can."

Bai sake ta da maganar ba har ya bar duniya. Bai kuma sake shigo da ƙwallo gidan ba. A daren Baffa ya aiko a haɗa musu tuwo a akushi ɗaya. Bai ce ya janye maganarsa ba, ban kuma ji Baba ya nema ba.

Yatsan ya warke amma bai sake lanƙwasuwa ba, saƙa ta gagare shi. Ya mayar wa kuku da sauran tsarkiyar mutane, ya riƙe ɗan abin da aka bar masa. Sai tari ya kama shi, ya bi shi har damina ta wuce. Ba na cewa ruwan nan ne. Kwana ne ya ƙare.

Da ya ga jikin ba na tashi ba ne, ya yi abin da bai taɓa yi ba in ban da ranar kanal, ya yi mini magana kai tsaye. Ya ce in ɗauko kujerar tsuguno da tsarkiya in zauna a bakin ƙofarsa.

"'Yar nan, ƙafar kujerar ita ce ƙafarta. Zagaya. Sake zagayawa. A'a, ba baki da baki za ki haɗa ba, wannan ɗaurin ƙunshin daddawa ne. Ki ɗora bakin a kan zagayen farko."

Na yi. Da safe ya yi kyau, kafin la'asar ya zame. Na sake, na datse wutsiyar ƙullin ƙarƙaf don ya yi tsaf.

"Wa ya ce ki aske shi? Ki bar masa kamar tsawon ƙwayar alkama. Munin nan shi ke hana shi ficewa."

Wani lokaci ko duba ba ya yi, idonsa a rufe. "Kin fizga. Na ji. Tsoro ne yake sa ki fizga. Lallaɓa shi kamar kina kwantar da jariri."

Ban gama iyawa ba ya rasu. Ranar Laraba, bayan azahar, Baffa na riƙe da hannunsa. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta, ya yafe masa kurakuransa, ya ba shi inuwa kamar yadda ya yi mana inuwa.

Yanzu da nake wannan rubutun ina jiyo ta a wajen rumbu, kacau-kacau. Ƙullina ne a ƙafarta. Bai kai nasa kyau ba, kuma kullum da safe sai na taɓa shi gabana yana faɗuwa. Kanal tana nan inda take, kafar danga mun toshe, awaki sun sake buɗe wata. Ƙullin dai ya riƙe zuwa yau. Amma ba ni kaɗai na ɗaura shi ba.

Bayan baƙi sun watse ne na gwada ɗaurin Baba na ƙarshe, na ga ko ƙaramin yatsana ba ya shiga. Duk tsawon jinyarsa ba a canza ba, ita kuwa girma take yi, fatar har ta yi mata zobe a ƙafa. Dole a yanke. Na zauna da aska a hannu na kasa. Wannan ne abu na ƙarshe da hannunsa ya yi a gidan nan. Kuma daga lokacin da na yanke zuwa lokacin da nawa zai zauna, babu komai a ƙafarta.

Gwaggo tana kallona daga ƙofar ɗakinta. Ta taso da ƙyar, ta zauna ta ɗora yarinyar a cinya.

"In za ki yanke ki yanke, kin tsare mu da ido. In kuma za ki mayar mata da kayan akuyar, ki ɗaura da kyau."

Na yanke nesa da ƙullin, don ya fita a yadda ya bar shi. Gwaggo ta karɓa ta ƙulle a bakin zaninta. Na zura sabuwar tsarkiya a fata, na sa murafan, na zagaya, na sake zagayawa. Ruwan yana ta ƙara a bayan gida. Ina ta matsewa, ina ganin kamar in na ɗaure tamau babu abin da zai raba ta da ni. Na ɗora baki a kan zagayen farko, na kama zan ja.

Ta janye ƙafarta. Ta kamo hannuna da nata biyu, ta ware mini manuni.

"Inna, sa yatsanki tukuna. Nan ne wurin kamawa."